Gefen Tayar Imrana

Duk mai hawan pawa-bayik, wato babban mashin mai gudu, a Lafiya, in ya zo ya tsaya cikinmu, ba fuskarsa muke fara kallo ba, tayarsa ta baya muke kallo. Tayar irin wannan mashin ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar ta mota, zagayayya ce kamar bayan ƙwarya. In kana tafiya a miƙe tsakiyarta kaɗai ke cin kwalta, sai ka kwantar da mashin a kwana sannan gefenta ke taɓa ƙasa. Shi ya sa matsoraci ba ya iya ɓoye kansa. Za ka ga gefen tayarsa sumul, sabo fil, kamar yau aka ciro shi daga leda. Wannan wurin muke kira layin tsoro.

Ƙanina Imrana yana da layin tsoro mai faɗi, ni kuma bakina ba ya shiru.

Ranar Juma'a da yamma muna zaune a wurin wankin mota na hanyar Jos, inda muke haɗuwa, mashinanmu a jere. Tawa Kawasaki ce koriya mai ƙarfin dubu, mai nauyi kamar sa, tana ja tun daga ƙasa ba sai ka roƙe ta ba. Ta Imrana Yamaha ce shuɗiya mai ɗari shida. A giya ta ƙasa kamar mai jin barci take, amma in ta ɗauki ihu sai ka riƙe da kyau, a kwana kuma ba ta da nauyi ko kaɗan. Mun daɗe muna musu a kan wadda ta fi, kuma duk ranar da na ga zai kayar da ni da magana sai in koma kan tayarsa. Haka na yi ranar. Na tsuguna a gaban kowa, na ɗora yatsuna a gefen tayar ina aunawa.

Norbert, abokinmu mai Honda, ya fashe da dariya. Ya ce, “Kai Imrana, za ka mayar wa mai shago da taya ɗin ne? Gefe sabo ne fa. Abeg sayar mini, ni zan yi amfani da shi.”

Na ce, “Rabu da shi. Mashin na kwana ne, mai shi na miƙe ne.”

Kowa ya yi dariya ban da Imrana. Ya sa hular kwanonsa, ya tayar da mashin, ya dube ni ta cikin gilashi ya ce, “Yaya, gobe da yamma ka zo da yatsun naka.” Ya ja ya tafi. Na ji daɗin maganata ranar, ba zan ɓoye ba.

Washegari da safe na taso daga Azuba, inda nake zaune, zuwa gidanmu na cikin gari don in gaida Baba, kamar kowace Asabar. Baba tsohon direban gwamnati ne, ya tsufa a kan sitiyari, kuma ya kwashi gawa a kan hanya fiye da yadda yake son tunawa. Lokacin da na sayi mashin ya yi faɗansa ya gaji ya ƙyale ni, tunda ina da gidana da iyalina. Amma Imrana auta ne, a gidansa yake. Tun ranar da Yamahar nan ta shigo zaure Baba ya ɗauke masa magana. Gaisuwa kawai yake amsawa, ita ma da kai. Ko sunan mashin ba ya kamawa, sai dai ya ce “abin nan nasa”. Damina ta wuce, wata ta zo, suna gida ɗaya suna cin tuwo daga tukunya ɗaya ba mai ce wa wani komai.

Na tarar da shi a ƙofar gida a kan benci, ya naɗe hannun riga. Ga bokiti, ga soso, ga tsumma, ƙasa a jiƙe da ruwan sabulu. Kusa da ƙafarsa akwai wani gwangwani da na sani tun ina yaro, man da ake shafa wa tayar mota ta yi baƙi ta yi ƙyalli. Baba ba shi da mota yanzu.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, me aka wanke da sassafe haka?”

Ya kau da kai yana matse tsumma. “Abin nan nasa. Kullum da laka. Mutum in ya nace sai ya hau abu, to ya hau shi da tsabta.”

Sai da na ji wani sanyi a raina. Tsohon nan ba zai taɓa buɗe baki ya ce ya huce ba, da soso ya faɗa. Na buɗe baki zan tsokane shi, idona ya sake faɗawa kan gwangwanin.

“Baba, har da taya?”

“Har da taya mana. Wanki ba taya ai ba wanki ba ne.” Ya ɗaga yatsa kamar mai koya wa sabon direba. “Tsakiya dai ban taɓa ba, ni ba yaro ba ne, ba a sa mai inda ke taka ƙasa. Gefen nan da ba ya taɓa komai, shi na shafa. Gaba da baya. Na bari ya sha, na ƙara.”

Gabana ya faɗi. A mota gaskiyarsa ce, gefen taya ba ya taɓa kwalta har ta mutu. A mashin kuwa, wannan gefen shi ne abin da ke riƙe da ran mutum in ya kwanta a kwana. Man nan santsi ne da shi kamar kuɓewa. A miƙe Imrana ba zai ji komai ba, zai yi ta gudu lafiya lau. Ba zai gane ba sai lokacin da ya kwantar da mashin har kan gefen, a guje, kuma yau ɗin nan ya fita ne don ya yi hakan.

“Ina yake?”

“Yanzun nan ya fita. Da hula a kansa ya fito, ya gaishe ni ta cikinta ya hau ya tafi.” Sannan Baba ya tambaya a hankali, kamar mai jin kunya, “Kana ganin ya lura?”

Na kalli fuskarsa na kasa faɗa masa. Na ciro waya na kira Imrana, sai na ji tana ƙara daga cikin ɗakinsa. Haka yake yi in zai yi gudu, wai kada ta raba masa hankali. Na ce wa Baba na manta wani abu, na haye Kawasaki. Ina jin yana cewa, “Mamuda, ko ruwa ba ka sha ba?” ban waiwaya ba.

Na san inda ya nufa. Kwana ɗaya ce duk muke zuwa goge layin tsoron taya, bayan an wuce Obi a hanyar Keana. Doguwa ce, ta karya hagu tana gangarawa, kwaltarta mai kyau, kuma daga wajenta akwai kwari da duwatsu. Mu ke yabonta, direbobin manyan motoci ke zaginta.

Fatana ɗaya, Imrana ba ya zuba man bakin hanya a Yamaharsa, gidan mai ɗaya yake sha a bakin gari, wataƙila in same shi a can. Na kutsa tsakanin keke da 'yan acaba ina danna hon, ana ɗaga mini hannu ana zagi, ina karɓa. Da na isa gidan man babu shi. Msurshima mai zuba mai ta ganni ta taho da tiyo a hannu.

“Oga Mamuda, ƙanin ka ya tafi yanzu-yanzu. Yau mashin shi yana ƙyalli har taya, na ce masa kai ango ne? Bai ma ji ni ba.”

“Wace hanya?”

Ta nuna da tiyon. Na ja tun ba ta sauke hannu ba.

Da na fita gari na buɗe wa Kawasaki wuta yadda ban taɓa yi a wannan hanyar ba. Gonakin doya da na rogo suka zama kore ɗaya a gefen idona. Iska na dukan ƙirjina, hula na neman ɗaga mini kai. Ina addu'a a cikin hula, rabi addu'a rabi zagin kaina. Wane ne ya aike ni aunon taya? Yaro yana hawansa a hankali, yana komawa gida lafiya, ni da nake babba na tsuguna a gaban mutane na maida shi abin dariya. Wata akuya ta tsallaka gabana, na kauce mata da ƙyar. Ban rage ba.

A Obi na ci karo da kasuwa. Wata babbar mota ta tsaya tsakiyar hanya ana loda mata doya, mutane sun cika ko'ina, mata da tire, masu baro, masu mashin. Na sa ƙafa a ƙasa ina tura Kawasaki mai nauyin tsiya ta gefen kwata, injin ya yi zafi yana gasa mini cinya. Can gaba, bayan motar, na ji kukan Yamaha. Ba a ɓata muryarta, siririya ce, tana hawa tana hawa. Ya riga ya fita daga cunkoson. Na yi ihun sunansa kamar mahaukaci, wata mai lemo ta dube ni ta matsa.

Da na samu hanya na bi shi. Bayan wani ɗan tudu na hango shuɗin ɗigo a gaba, yana tafiya daidai, bai matsa ba tukuna, yana ɗumama taya kamar yadda ni da kaina na koya masa. Na ce alhamdulillahi. Na kunna babbar fitila ina kashewa, ina danna hon, na matso bayansa.

Na ga kansa ya juya wajen madubi. Ya gane ni. Sai ya sunkuya ya kwanta a kan tanki, ya sauke giya, Yamaha ta ƙwala ihu ta yi gaba.

Nan na gane abin da na yi. A wurinsa, yayansa da ya ci masa fuska jiya ne ya biyo shi har nan da fitila da hon don ya nuna masa dubu ta fi ɗari shida. Duk matsowar da na yi, ƙara masa gudu nake yi. In na ja baya kuma, zai isa kwanar shi kaɗai.

Na murɗa totur har ƙarshe. A miƙe babu mai kamo Kawasakin nan a Lafiya, na faɗa da baki sau da yawa, yau ta nuna gaskiya ne. Na jero da shi, gwiwata kusa da tasa. Na saki hannun hagu, iska ta kusa fizge shi, na nuna masa tayarsa. Na nuna, na sake nunawa, ina girgiza kai.

Wayyo ni. Me na yi jiya in ba nuna tayarsa ba? Ta cikin gilashin hularsa na ga idonsa, ban taɓa ganin Imrana ya dube ni haka ba. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, irin na “za ka gani”, ya ƙara wuta.

Wata mota ta taho daga gaba, dole na koma bayansa. Da ta wuce na sake fita, na sha gabansa, na shiga layinsa na fara taka birki a hankali ina ɗaga hannu. Ya goce ta hannun dama ya wuce kamar ba ni a wurin. Ko wannan ɗan gocewar sai da na ga bayan Yamahar ya yi rawa kaɗan, ya dawo. Shi bai san dalili ba, ni na sani.

Daga nan na hango itatuwan giginya da ke kafin kwanar. In an wuce su sai gangara, sai hagu.

Na yi tunanin in wuce shi in tsaya in tare hanya da hannu. Zai kewaye ni. In na tare da mashin, zai kauce da ƙarfi, kaucewar ce za ta kayar da shi. Ba hon, ba hannu, ba fitila da zai saurara, duk na ɓata su da bakina. Abu ɗaya ya rage da na san zai sa Imrana ya taka birki ko yana cikin wane irin fushi.

Kawasakin nan na fi shekara ina tara ta a raina kafin ta zo hannuna. Ba na barin kowa ya wanke ta. Sarƙarta da buroshin haƙori nake bi. Matata tana cewa in ana ruwa mashin nake fara shigarwa kafin shanya, kuma ba ƙarya take yi ba.

Na sake buɗe mata wuta, na wuce shi, na ba shi rata mai yawa yadda zai gan ni sarai kuma ba zai taka ni ba. Sannan na damƙe birki. Gaba ya nutse, taya na kuka, gudun ya sauka ya sauka, amma giginyar na matsowa, ba lokacin da zan jira ya sauka yadda nake so. Na karkata zuwa gefen hanya inda yashi da tsakuwa suke. Na ce bismillahi, na take birkin baya har ya kulle, na sake ta.

Ƙasa ta buge ni a kafaɗa, na ji wani abu ya ce ƙas a ciki. Na yi ta birgima, sama, ciyawa, sama, ciyawa. Ina jin Kawasaki tana jan ciki a kan tsakuwa, ƙarfe na kuka, har ta daki kunyar doya ta yi shiru. Ni ma na tsaya a rigingine, numfashi ya ƙi shiga.

Ban damu da numfashin ba, kunne na kasa. Yamaha tana ihu, tana ihu, ta zo daidai ni ta wuce. Na rufe ido. Sai na ji muryarta ta karye, giya na sauka ɗaya bayan ɗaya, taya na gurzar kwalta a miƙe. Ta yi shiru. Sai takun gudu.

“Yaya! Yaya! Innalillahi, Yaya!”

Ya faɗo a kaina ya ɗaga gilashin hulata. Fushin nan duk babu, autan Baba ne kawai a tsorace. Na samu iska ta shiga da ƙyar, na ce, “Ina mashin ɗinka?”

“Rabu da mashin! Ina ke maka ciwo? Kana jin ƙafarka?”

“Je ka taɓa gefen tayarka.”

Ya saki rigata. Fuskarsa ta canza. “Har yanzu? Kana kwance a ƙasa, Yaya, har yanzu maganar taya kake?”

“Don Allah, Imrana. Ka shafa da yatsa ka sunsuna.”

Ban taɓa haɗa shi da Allah a kan wasa ba, ya sani. Ya tashi ya tafi inda ya jingine Yamahar, taku kaɗan kafin giginya ta farko. Na juya kai ina kallonsa. Ya cire hula, ya tsuguna, ya goga yatsa a gefen tayar baya, ya murza yatsun biyu, ya kai hanci. Ya je ta gaba ya yi haka. Ya daɗe a tsugune. Daidai lokacin wata babbar mota ta fito daga kwanar da lodin buhuna, ta ci rabin layin da ba nata ba kamar yadda suka saba, ta wuce mu tana hon. Imrana ya bi ta da kallo, sannan ya kalli kwanar.

Ya dawo ya zauna a ƙasa kusa da ni, yana riƙe da yatsunsa kamar sun ƙone.

“Na ga an wanke,” ya ce. “Na ɗauka kai ka sa a yi, don ka ƙara ci mini fuska. Ban ko kalli taya ba, na gaji da kallonta.” Ya sake sunsuna yatsun. “Wannan man Baba ne.”

“Shi ne.”

“Shi da kansa?”

“Da hannunsa. Tsakiya ya bari, wai ba a sa mai inda ke taka ƙasa.”

Imrana ya yi wata dariya da ba dariya ba, ta koma kuka. Ya dubi Kawasaki kwance a kunyar doya, tanki ya lotsa, madubi ya tafi, cokalin da ke riƙe tayar gaba ya karkace, mai na ɗiga a kan ganyen doya. Ya dube ni. “Da gangan ka yi.”

Kafaɗata ta fara magana da babbar murya.

Waya ta yi ƙara a aljihun rigata. Imrana ya ciro ta, gilashin ya tsage amma sunan na fitowa. Ya zare mini hula, ya danna ya kara mini a kunne.

“Mamuda, lafiya? Ka fita kamar an koro ka.”

“Lafiya lau, Baba.” Na cije haƙori kada ya ji. “Imrana na biyo, ga shi nan.”

Ya rage murya ya tambaya, “Ya ce wani abu?”

Na kalli Imrana, na tura masa wayar da haɓa. Ya riƙe ta da hannu biyu, ya goge hanci da bayan hannu, ya daidaita murya.

“Baba, ni ne. Na gani. Na gode, Allah ya ƙara girma.”

Ban ji abin da Baba ya ce ba, amma ya yi magana mai ɗan tsawo, fiye da duk abin da ya ce masa tun zuwan Yamahar. Imrana yana ta cewa, “To, Baba. To.” Hawaye na sauka a kumatunsa.

“Baba,” ya ce daga ƙarshe, “in za ka sake wankewa, ka tashe ni. Mu yi tare.”

Ya ajiye wayar a kan ƙirjina. Ya cire rigarsa ya naɗe mini hannu a jikin wuya, ya tsaya bakin hanya yana jiran motar da za ta kai ni Obi. Da ya ga ba mota tukuna, ya ɗebi yashi cike da hannu, ya durƙusa gaban Yamahar, ya fara goge gefen tayar yana kuka.